Hijabinki da Hoton Fasfo: Me Za Ki Buɗe, Me Za Ki Rufe?

'Yar uwa mai karatu, darasinmu na wannan fitowa a kan wani ɗan ƙaramin abu ne wanda faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba, amma yana iya hana mace tafiya aikin Hajji, yana iya riƙe wa marayu kuɗin ubansu a banki, kuma ya sha sa wasu bayin Allah buɗe abin da Allah Ya ce su rufe a gaban maza, alhali ba a ma nemi haka daga gare su ba. Wato hoton da ake sawa a fasfo da katin ɗan ƙasa da sauran takardun shaida.

A da mace tana iya yin rayuwarta kaf daga gidan ubanta zuwa gidan mijinta ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Yanzu kuwa wannan zamani ya wuce. Tun 2014 aka fara lambar BVN, wadda in babu ita asusunki na banki bai zaunu ba. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN. Daga 2021 'yarki ba za ta yi rajistar jarrabawar JAMB ba sai da wannan lamba. Katin zaɓe da hoto, fasfo da hoto, bizar Umra da hoto. To tunda abin ya zama dole, ai ya kamata mu san hukuncinsa a Shari'a, mu kuma san ainihin abin da hukuma take nema, kada mu ƙi abin da aka halatta mana, kada kuma mu bayar da abin da ba a tambaye mu ba.

Shi hoton ma ya halatta?

Wannan ita ce tambayar farko da matan aure suke yi mini a aji, kuma suna da gaskiya, domin hadisan da suka yi gargaɗi a kan masu suranta abu mai rai ingantattu ne, suna cikin Bukhari da Muslim. Abin da malamai suka yi saɓani a kai shi ne, shin hoton kyamara ya shiga cikin wannan hani ko bai shiga ba, tunda ba a san kyamara ba a zamanin Manzon Allah (SAW). Shaikh Muhammad Bakhit, muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya yi littafi guda yana halatta shi, hujjarsa kuwa ita ce mai kyamara bai ƙirƙiri komai ba, inuwar halittar Allah kawai ya tsare, kamar yadda madubi yake nuna ki. Shaikh Ibn Usaimin ma ya tafi a kan cewa hoton da na'ura take ɗauka nan take ba shi ne surantawar da aka hana ba, hukuncinsa yana bin abin da aka yi shi dominsa. Shaikh Ibn Baz da majalisar fatawa ta Saudiyya kuwa sun tsananta, sun ce haramun ne. Amma ki lura da kyau, su ɗin da suka tsananta, su ne kuma suka ce hoton fasfo da na katin shaida ya halatta saboda larura. Ke nan a kan wannan hoto da muke magana, ɓangarorin biyu bakinsu ɗaya ne.

Ina faɗin haka ne saboda har yanzu akwai magidantan da suke hana matansu zuwa a ɗauke su, suna ganin tsoron Allah ne. Sai ranar da kujerar Makka ta samu, ko ranar da mai gida ya faɗi ya mutu aka zo maganar haƙƙoƙinsa, a tarar matar ba ta da wata takarda da za ta nuna ita ce ita. In mai gidanki yana cikin masu wannan ra'ayi, ki kai masa maganar cikin ladabi, ki gaya masa sunayen malaman nan. Ki kuma gaya masa ita kanta Saudiyya ta fara bai wa mata katin shaida mai hoton fuska tun 2001, a 2013 kuma ta mai da shi tilas.

Sai maganar fuska. A mazhabar Imam Malik wadda yawancinmu muka tashi a kanta, fuska da tafin hannu ba al'aura ba ne, sai dai ana neman rufe su idan ana tsoron fitina. Wasu malamai kuma, musamman na mazhabar Hambaliyya, suna ganin rufe fuska wajibi ne, kuma 'yan uwanmu masu niƙabi da yawa a kan wannan suke, Allah Ya ƙara musu lada. To amma ko a wajensu akwai wuraren da aka yarda a ga fuskar mace. Ibn Ƙudama, babban malamin Hambaliyya, ya kawo a cikin Al-Mugni cewa mai shaida yana iya kallon fuskar matar da zai yi shaida a kanta, haka ma wanda ya yi ciniki da ita, domin ya gane ta ranar da aka buƙata. To mene ne hoton fasfo in ba wannan ba? Shaida ne yake tsaya miki a inda ba wanda ya san ki. Kin sauka a Jidda ko Madina, ba mai unguwarku, ba limaminku, ba wanda zai ce "ai wance ce 'yar gidan wane". Wannan ɗan hoton shi kaɗai zai faɗa.

Sai dai malaman fiƙihu da suka ce larura tana halatta abin da aka hana, ba su yi shiru a nan ba, sun ƙara da cewa ana auna larura ne gwargwadonta. Wanda ƙishirwa ta kusa kashewa kurɓa zai yi, ba wanka ba. Don haka sai mu tambaya, nawa ne gwargwadon da ake bukata?

Abin da hukuma take nema

Ƙa'idar hoton fasfo ba ma'aikacin da ke zaune bayan kwamfuta ne ya ƙirƙire ta ba. Akwai wata hukuma ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da zirga-zirgar jiragen sama, ana ce mata ICAO, hedikwatarta tana Montreal a ƙasar Kanada. Ita ce take tsara yadda fasfo zai kasance domin na'urar kowace ƙasa ta iya karanta na kowace ƙasa. Nijeriya ta koma fasfo mai ɗan guntun ƙwaƙwalwar kwamfuta a jikinsa tun 2007, kuma hoton fuskarki yana ajiye cikin wannan ƙwaƙwalwa. Idan kin tsaya a filin jirgi, ba mutum kaɗai ke kallonki ba, na'ura ce take gwada fuskar da ke gabanta da wadda ke cikin fasfo: tazarar da ke tsakanin idanu, tsayin hanci, inda baki yake, yanayin haɓa da kumatu. In kin gane wannan, duk sauran sharuɗɗan za su zo miki da sauƙi, ba sai kin haddace su ba.

Ana son fuska gaba ɗaya, daga ƙarƙashin haɓa zuwa saman goshi, da gefenta biyu. Ki fuskanci kyamara sak, ba karkatar da kai irin na hoton biki, ba sunkuyarwa irin ta amarya. Na san kunya ado ce, kuma mun saba runtse ido a gaban namijin da ba muharrami ba, amma a wannan daƙiƙa guda sai kin ɗago kin buɗe idanunki, ki kalli idon kyamarar, ba mai ɗauka ba. Baki a rufe, ba dariya, ba ɗaure fuska. Kada inuwa ta faɗo a goshi ko a gefen hanci. Bayanki ya zama fili mai haske, yawanci fari. Tabarau gara ki cire shi, domin gilashi yana mai da haske ya ɓoye ido. Amurka ma tun Nuwamba 2016 ta daina karɓar hoton mai tabarau sai da takardar likita. Girman hoton a yawancin ƙasashe milimita 35 ne a faɗi, 45 a tsayi, na Amurka kuwa murabba'i ne, inci 2 kowane gefe, don haka ki gaya wa mai hoto ƙasar da za a kai shi. Kuma ya zama sabo, wanda bai wuce wata 6 ba. Wannan hoton da kike ji da shi na lokacin kina budurwa, a bar shi a cikin akwati.

Kin ji an ambaci gashi a cikin wannan duka? Kin ji an ambaci wuya ko ƙirji? Babu. Ƙa'idar ta yarda da rufe kai saboda addini matuƙar fuska ta fita. Ingila ta yarda. Amurka ta yarda, sai dai mai neman fasfonta za ta haɗa da 'yar takarda mai sa hannu cewa suturar addini ce da take sawa kullum. Wadda ta yi fice wajen ƙi ita ce Faransa, wadda ta ce hoton fasfonta da na katin ɗan ƙasarta sai da kai a buɗe, kuma ba mata Musulmi kaɗai wannan ya dama ba, har mabiya addinin Sikh masu naɗa rawani sun kai ta ƙara. Mu nan ba Faransa muke ba.

Maganar kunne

Nan ne rigimar take. Mata da yawa sun sha jin "Hajiya fito da kunnenki", wata ma a ce mata ta cire hijabin gaba ɗaya ta bar ɗankwali, ga layi cike da maza. Mace ta sha rana tun safe, ga goyo yana kuka, ga tsoron kada a ce ta koma gobe, sai ta yi abin da aka ce, ta fito tana hawaye.

Akwai lokacin da wasu hukumomi suke neman kunne da gaske. Hukumar shige da fice ta Amurka, alal misali, kafin 2004 hoton da take karɓa shi ne wanda mutum ya ɗan juya gefe kunnensa na dama ya fito, sa'annan a wannan shekara ta koma hoton gaba sak. Yau in kin duba sharuɗɗan hoton fasfon Amurka da na Ingila ba za ki ga an sa kunne a ciki ba. Sau da yawa abin da yake faruwa shi ne, hijabinki ya matso ya ci kumatu da rabin goshi, kwamfuta ta ƙi karɓar hoton, shi kuma ma'aikaci maimakon ya ce ki ɗan ja shi baya, sai ya ce kunne, don ya huta.

To in haka ta same ki, kada ki yi faɗa, kada kuma ki yi saurin tuɓewa. Ki ja bakin hijabin baya har gefen fuskarki ya fito zuwa dab da kunne, ki ce masa, "Malam, don Allah gwada haka mu gani." Galibi a nan magana take ƙarewa. In ya dage, ki nemi ganin shugaban wajen, ki tambaya cikin natsuwa ko a rubuce dokar take. Ki sani kina da ƙafar tsayawa: sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba ki 'yancin yin addininki da bayyana shi, kuma a ranar 17 ga Yuni 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata na makarantun jihar Legas 'yancin sa hijabi. Shari'ar ta makaranta ce, ba ta hoto ba, amma ta nuna matsayin hijabi a idon doka. In duk kin yi wannan an ƙi, ga shi kuma abin da zai kuɓuce miki babba ne, kamar Hajjin farilla ko tafiya neman magani, to ki nemi mace ta ɗauke ki ko a kawar da maza, ki fito da abin da aka tilasta miki kaɗai, gashi da wuya su zauna a rufe. Allah ba Ya kama wanda aka tilasta. Amma kada ki bar maganar a nan. Ki rubuta rana da wuri, ki kawo wa shugabannin ƙungiya na reshenku su kai kuka a rubuce. Mace ɗaya a kan layi ba a jin muryarta, takardar ƙungiya kuwa sai an amsa.

Ke kuma mai niƙabi, tun daga ƙofa ki tambaya ko akwai ma'aikaciya mace. In akwai, ki jira ta ko da za ki daɗe. In babu, ki ɗage a lokacin da aka ce ki kalli kyamara, ki saki da an gama, ba ki yi laifin komai ba. Ki tuna ko a cikin harami, hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari ya hana mace ɗaura niƙabi da sa safar hannu, don haka ɗage shi a inda Shari'a ta ce a ɗage, shi ma biyayya ce.

Tun daga gida

Rabin wahalar nan a ɗaki ake maganinta, gaban madubi. Kada ki sa farin hijabi, ko da shi ne na saukarki da kike alfahari da shi, domin fari a kan farin bango sai kanki ya ɓace, fuska kawai ta rage tana lilo. Ki zaɓi mai launi guda marar ado, kamar ruwan toka, ko shuɗi, ko ruwan ƙasa. Ki duba wanda bakinsa yake da faɗi, ba mai robar da ke matse fuska har ta tattare kumatu ba. Ki sa hula a ciki, ki ja ta daidai inda gashi ya fara, ta yadda in an ce ki matsar da hijabi baya ba abin da zai leƙo. Mai tudun ɗauri ko acuci a ƙarƙashin hijabi ta sauke shi ranar, don yana jefa inuwa, yana kuma sa kai ya fi ƙarfin hoton.

Kwalliya fa? Haba 'yar uwa, ofis za ki, gaban maza, ba ɗakin miji ba. Ko ba don hoto ba bai halatta ki fita da ita ba. Sa'annan hodar da ta sauya miki launi, da girar da aka aske aka zana wata, da gashin ido na kanti, da abin nan da ake liƙawa a ƙwayar ido ya mai da ita ruwan toka, duk suna sa hoton ya zama na wata mata daban. Ranar da za ki sauka daga jirgi bayan awa biyar a zaune, ba barci, ba wanka, wace fuska za ki nuna? Haka masu shafe-shafen man bilicin: an ɗauke ki kina baƙa kyakkyawa, bayan shekara uku kin koma wata iri, ga illa ga fata, ga tsayuwar bayani a gaban jami'i. Tun Janairu 2024 mai neman fasfon Nijeriya yana cike takarda ta intanet ya ɗora hotonsa da kansa kafin ya je a ɗauki yatsunsa, to kada ki bari yaran gida su gyara miki shi a waya, su goge tabo, su rage kumatu, su ƙara haske. Tsagar gado da tabon da ke fuskarki a bar su, su ma shaidunki ne. Kuma abin ba arha ba: daga 1 ga Satumba 2025 fasfo mai shafi 32 na shekara 5 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara 10 kuma naira 200,000. Hoton da za ki zauna da shi shekara goma ai ya cancanci minti goma a gaban madubi.

Tunda yawanci rana ɗaya ake ɗaukar hoto da yatsu, ki ɗaga wa lalle ƙafa, musamman baƙin dayis mai kauri a kan yatsu, ki kuma riƙa shafa mai kwana biyu kafin ranar idan wanki da wanke-wanke sun busar miki da hannu. Na'urar BVAS da aka yi zaɓen 2023 da ita, idan yatsa ya ƙi, fuska take dubawa. Kin ga in lalle ya rufe yatsa, hoda ta rufe fuska, kin rasa duka biyun.

Wani abu kuma da ba a son faɗa: aron kati. Mace ta ɗauki katin yayarta ko na kishiyarta saboda sun yi kama, ko saboda ta san ba za a ce ta ɗage niƙabi ba, ta je ta karɓi tallafi, ko ta zauna wa wata jarrabawa. Wannan yaudara ce, kuma Manzon Allah (SAW) ya barranta daga mai yaudara kamar yadda Muslim ya ruwaito. Ɓarnarsa kuma ba a kanki kaɗai take tsayawa ba, duk mai niƙabin da za ta zo bayanki ita za ta biya. Ba mu manta ba a 2015, lokacin da miyagu suka riƙa ɓoye bam a cikin suturar mata, Chadi da lardin Arewa Mai Nisa na Kamaru suka hana rufe fuska ɗungurungum. Masu neman hujja a kan suturarmu ba su yi barci ba, kada mu miƙa musu ita da hannunmu.

Ki kuma duba sunan da ke ƙarƙashin hoton. Da yawanmu takardar makaranta da sunan uba, katin banki da sunan miji, NIN kuma da sunan garinsu, ranar haihuwa kowacce da tata. Fasfo yanzu da bayanan NIN ake yin sa, in suka saɓa sai an gyara, gyara kuwa kuɗi ne da jira, alhali rajistar farko kyauta ce. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni a danganta mutum ga ubansa. Ki riƙe sunan mahaifinki a ko'ina, shi ne ba ya canzawa ko aure ya canza. Maniyyaciya kuma ta duba ranar mutuwar fasfonta tun kafin ta biya kuɗin kujera, domin Saudiyya tana son ya zama da sauran aƙalla wata 6.

An tambaye ni game da mai takaba, wadda aka ce sai ta zo da kanta an ɗauke ta kafin a saki kuɗin mamaci. In abin zai iya jira har wata huɗu da kwana goma su cika, ta jira. In kuwa jiran zai cutar da ita ko marayunta, malamai sun yarda ta fita da rana don bukata ta dawo ta kwana a ɗakinta, suna kafa hujja da hadisin Jabir a cikin Muslim, inda Annabi (SAW) ya yi wa innar Jabir izinin fita yankan dabinonta tana cikin idda. Ta tafi ba ado ba turare, wanda dama shi hoton yake so.

Jariri ma fasfonsa daban, hotonsa daban. Ki shimfiɗa farin zane ki kwantar da shi a ɗauka daga sama, kada hannunki ko gefen mayafinki ya shiga, a cire masa hula da abin tsotso. Ki zaɓi lokacin da ya ƙoshi ya farka.

Saura ragowar hotunan. An wanke miki takwas, an karɓi biyu, shida fa? Ki adana su inda kike ajiye takardun gida, kada su yi ta yawo a jakar yara. Kafin ki bar shagon mai hoto ki ce ya goge naki daga kwamfutarsa kina kallo, ki kuma gaya masa ba ki yarda a liƙa ki a bango ko a allon talla ba, domin wasunsu haka suke yi da hoton da ya yi kyau. Kada ki tura hotonki da takardar NIN ta WhatsApp ga duk wanda ya ce shi ejan ne zai samo miki biza ko tallafi, da irinsu ake buɗe asusu da layin waya a yi zamba da sunan mutum. Tun Yuni 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, wadda ta ba ki damar tambayar mai karɓar hotonki me zai yi da shi. In da hali ma, ki nemi shagon da mace take ɗauka, ko ki tafi da mai gida ko ɗanki. Rassan ƙungiya da suke koyar da sana'a kuwa, ga wata nan ban da ɗinki da sabulu: kyamara ɗaya, farin ƙyalle, fitila biyu da na'urar wanke hoto, 'yar uwa ta zauna a cikin gida mata suna zuwa wajenta.

A fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu za mu duba hukuncin mace a gaban likita namiji.